Wai Ƙashi Yana Aika Wa Ƙoda Saƙo? Ku Tsaya Ku Ji, Gobirawa

Na san halinku, jikokin Bawa Jan Gwarzo. Da an ce ƙashi yana aika wa ƙoda saƙo, wani dattijo a kasuwar Gatawa zai gyara zama ya ce, "Yaro, ƙashin da kare ke gwagwiya?" Shi fa, Baba. A shekarar 2000 masana suka gano saƙon, suka raɗa masa FGF23. Sunan ba daɗi, amma mai tsaga shida a kunci guda, bakwai a ɗayan, ba shi da bakin ƙorafi kan lamba.

Akwai sinadarin fosfet da muke ci a nama, madara, wake da gyaɗa. Kusan kashi 85 cikin ɗari nasa yana ajiye a ƙashi da haƙora. In ya yi yawa a jini, ƙashi ya saki wannan saƙon, wato homon FGF23, ƙoda ta zubar da rarar ta fitsari, ta kuma rage sarrafa bitamin D don hanji ya daina tsotsowa da yawa. Wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a wuya suna taya shi da nasu homon.

"To ina ruwan wannan da uwargida mai jiri in ta miƙe?" Ruwa kuwa har wuya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa, da kashi 68 na ƙananan yara, suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa-kusa duk suna da hannu, ga rashin sinadarin ƙarfe a abinci, balle inda 'yan bindiga suka raba mutane da gona da garke.

In ƙarfe ya yi ƙasa, ƙashi sai ya kama rubuta wasiƙun homon nan ba ƙaƙƙautawa. Mai lafiya yana yayyaga rarar tun ba ta bar gida ba, shi ya sa fosfet ɗinsa yake zaune daidai. Mai ciwon ƙoda kuwa yagawar ta yi rauni, mai karɓar wasiƙar kuma ba ta iya aikin. Homon ya yi ta hawa, tun kafin gwaji ya nuna fosfet ya ƙaru. A masu wankin ƙoda yakan ninka sau ɗari, har sau dubu. Bitamin D ya faɗi, ƙwayoyin wuya su harzuƙa su riƙa kwasar kalsiyam daga ƙashi, jijiyoyin jini su ƙandare, tsokar zuciya ta yi kauri. Ƙodar nan kuma ita ke umartar ɓargo ya yi jini, don haka ciwonta yana ƙara rashin jinin.

Na ji wani daga Isa yana cewa ciwon ƙoda na 'yan birni ne masu shan lemon kwalba. Je ka faɗa wa mutanen Gashuwa a Yobe da ciwon ya addaba. Hawan jini da ciwon suga ba su duba tsagar fuska, haka ma ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da kuke haɗiya bayan noma. Wankin ƙoda kuma sai an kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko makamancinsa, kun fi ni sanin halin hanyar Sabon Birni.

Malt da madarar gwangwani da kuke ɗura wa mai jego? Daɗi ne, ba ƙarfe ba. Hanta da wake da zogale sun fi, a haɗa da lemon tsami, a jinkirta shayi bayan abinci domin yana hana ƙarfe shiga jiki. Kada kuma a ruga kemis neman allurar ƙarin jini: wani nau'in ƙarfen da ake sawa ta jijiya yana tayar da homon nan, fosfet ya zube, mutum ya ƙara laushi.

Ku ci gaba da gardamarku, gado ce. Amma a kai Inna a auna mata jini da fitsari, kai ma Baba ka miƙa hannu a duba hawan jini.