Wasiƙa daga Blackpool: ni da maigidan mun zaɓi rawarmu

Taubashiyata,

Ina Kawu da Inna, ina yara da maigidan? Kuɗin sharata na bara har yau ina bin ki, kada ki ɗauka teku ta raba mu na yafe.

Nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Ni da Baban yara mun shiga makarantar koyon rawa. Na san kin riga kin tafa hannu kin yi salati, to saurara. A watan Disamba rana tana faɗuwa a garin nan tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Mutum ya dawo aiki, sai kujera da bargo da shayi, har likita ya ce wa maigidan lallai ya riƙa motsa jiki. Gudu a titi cikin iskar bakin tekun nan kuwa, ko ke mai taurin kai ba za ki iya ba.

Kuma garin ma na rawa ne. Tun 1920 ake gasar Blackpool Dance Festival a zauren Empress Ballroom, gwanaye daga ƙasashen duniya suna taruwa duk watan Mayu. A ginin hasumiyar garin, wadda aka buɗe a 1894, akwai wani zauren da aka shimfiɗa daɓensa da guntayen katako sama da 30,000, kuma makaɗi yana ɓullowa ne daga ƙarƙashin dandamali zaune a gaban kayan kiɗansa. Can na ga wani tsoho da tsohuwarsa, sun kai sa'annin Kaka, suna zagaya fili a natse, hannu cikin hannu, yana kare ta daga masu saurin wucewa. Wallahi sun burge ni. A wurin na ce wa maigidan wannan nake so mu koya.

Da muka je makarantar, sai malamar ta ce mu zaɓa. Raye-rayen da ake gasa da su guda 10 ne, gida biyu. Gidan farko su ne waɗanda ake yi a riƙe da juna daga farko har ƙarshe: wals, tango, fokstirot, kwikstef da wals ɗin Biyana. Ɗaya gidan na Latin ne: cha-cha-cha, samba, rumba, jaib da faso dobile.

Na Latin ba mu daɗe a kansu ba. Cha-cha-cha ta Kyuba da samba ta Burazil kiɗansu akwai daɗi, amma aikin duk na ƙugu ne, rigunan kuma tela ya yi rowar yadi. Ni 'yar gidan da kika sani ce. Faso dobile kuwa, kwaikwayon wasan bijimi ne na Sifen: namiji shi ne jarumin fili, mace ita ce ƙyallen da yake kaɗawa. Maigidan yana jin haka ya gyara tsayuwa ya ce wannan ta yi masa. Na ce ya bari sai ya samo bijimin.

Shi tango ya so, don ya ga a talabijin ana fizgar kai hagu da dama, fuska a murtuke. Asalinta daga Ajantina da Yurugwai, ana yin ta gwiwa a ɗan tanƙwashe, taku a daddatse. Na tuna masa gwiwar nan tasa da take ƙara in ya tashi daga tabarma. Fokstirot kuma mayaudariya ce. In kin ga gwani yana yi sai ki ce tafiya kawai yake, amma malamar ta ce wannan sulɓin da dogon takun su ne suka fi ba sabon shiga wuya. Kwikstef gudu ne da tsalle. Wannan na ajiye miki, ke da kike tsere wa kowa in an ce an sauke tukunya a gidan biki.

Muka tsaya a kan wals mai sanyi, kuma da zuciya ɗaya nake cewa duk mai farawa da ita ya kamata ya fara. Ƙirgenta uku ne kacal: ɗaya, biyu, uku. Takun farko da ake koya, murabba'i ake zanawa a ƙasa da ƙafa: taku gaba, taku gefe, a haɗe ƙafa, taku baya, taku gefe, a haɗe. Kiɗan yana tafiya wajen bugu 90 a minti, saboda haka akwai sararin da mutum zai yi tunani kafin ya ɗaga ƙafa. Kada ki haɗa ta da ta Biyana, babban birnin Ostiriya: ƙirgen ɗaya ne, amma saurin ninki biyu, ga juyi babu hutawa, sai jiri ya ɗebi wanda bai saba ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne riƙon. Hannunsa na dama a allon kafaɗata, na hagu riƙe da na damana, baya a miƙe. Galibi mace da baya-baya take tafiya, ba ta ganin inda za ta, shi ne idonta. Shi kuma ba ya ja, ba ya turawa, alama kawai yake bayarwa da jikinsa, ya jira ta amsa. Duk shekarun aurenmu ban taɓa ganin mutumin nan ya kasa kunne gare ni kamar a filin nan ba, alhali babu mai cewa uffan. Ki gaya wa naki maigidan akwai makarantar da ake koyar da wannan, ko Allah zai sa ya ji.

Na san tambayar da ke bakinki. A ajin akan yi musayar abokin rawa. Tun ranar farko muka gaya wa malamar mu ba ma yi, ta ce babu komai. Da ɗankwalina nake shiga, kuma wals doguwar riga har ƙasa take so, mai faɗin da zai buɗe in an juya. Takalmin ne dai na musamman, tafinsa fata ce mai laushi don ya sulɓe daidai a kan katako, ba a taka waje da shi.

To ga aikinki. Ki shiga Kantin Kwari ki samo min yadi mara nauyi, shuɗi ko ruwan goro, ki kai wa telarmu. Ki ce ƙasan rigar ya buɗe sosai, tsawon ya tsaya a idon sawu don kada maigidan ya taka. Kada ki yanki rabin yadin ki ce ya ƙare, na san halinki. Kuɗin ɗinkin ki cire daga bashin da nake bin ki.

Inna kuma ki bari ni zan gaya mata da bakina, don in ke kika kai labarin, kafin magariba an ce na zama 'yar Koroso a Ingila.

A gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Taubashiyarki