Yadda Ake Ganawar Neman Aiki a Cibiyar Kur

Cibiyar kur wuri ne da yaro ke zuwa da yamma ya biya kuɗi a maimaita masa darasin da aka yi masa kyauta da safe bai ji ba. Da zarar an koma lakwal a watan Oktoba, irin waɗannan cibiyoyi kan buɗe a Magariya da Dungas, har Bande da Waca, domin taimakon masu shirin birebe da bak. Kayan kafa su ba su da yawa: zaure ko rumfar zana, baƙin allo, benci huɗu, da suna na Faransanci mai ɗauke da alƙawarin nasara. Abin da ya rage shi ne malami, shi ya sa ake kiran ganawa. Ga yadda mai nema zai shirya.

Farko dai dosiye. Ana buƙatar takardar neman aiki rubutun hannu, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai shaida cewa ba ka taɓa aikata laifi ba wadda ba ta wuce wata 3 ba, da kofen difulom wanda aka kai ofishin magajin gari aka manna masa tambur. Haɗa waɗannan kan ci kuɗin da ya ɗara albashin watan farko, amma kada wannan ya dame ka, albashin watan farko ba abu ne da za ka gani ba. Idan takardarka ta ce an haife ka ranar 1 ga Janairu, ba sai ka yi bayani ba. Darektan cibiyar ma a ranar aka haife shi, haka mai gadi. A sa takardun cikin jakar kwali mai kauri, domin da ita darekta zai yi fifita har a gama ganawar, kuma ingancin iskar da ta ba shi na daga cikin abin da ake dubawa.

Riga ta kasance mai tsabta amma ba sabuwa ba. Sabuwar shadda na nuna cewa kana da buri, mai buri kuwa yakan tambayi kuɗinsa. Idan da kabu-kabu ka zo, ka sauka a bakin layi ka ƙarasa da ƙafa. Darekta zai so ya ga cewa sawunka ya saba, tunda cibiyar ba ta biyan kuɗin mai, ko na gidan mai ko na kwalba.

An ce maka ƙarfe 4 na yamma. Ka zo ƙarfe 4, ka zauna a benci. Darekta malami ne a wata makarantar da safe, yana da garkar rake da yake leƙawa da rana, ranar Alhamis kuma yana iya kasancewa a kasuwar Maigatari yana cinikin raguna. Zai iso bayan la'asar sakaliya. Zaman da ka yi shi ne kashin farko na jarrabawar, kuma mai gadi ne ke ba da makin.

Gaisuwa da Hausa ake yin ta, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi yadda gero ya yi bana. Da an zauna sai harshe ya juya. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. To wannan neman aiki ne, saboda haka darekta zai gyara murya ya yi tambayoyi uku na farko da Faransanci mai nauyi, kai ma ka amsa da irinsa. Daga tambaya ta huɗu ku duka kun gaji, sai a koma Hausa ba tare da kowa ya ambata ba.

Tambayar farko ita ce, “Mushe, me ya sa kake son wannan aiki?” Amsar ita ce kishin ilimin yaran karkara. Ba a ambaton bashin mai shago, ba a ambaton lefe. Idan ka fito daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ka faɗa sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, don mai yiwuwa darekta a birebe ya tsaya, kuma ba a son ma'aikaci ya fi mai gida tsawon takarda. Tambaya ta biyu ita ce wane fanni ka karanta. Ka faɗi gaskiya, ba ta da illa. Ko tarihi ka ce, lissafi za a ba ka, da kimiyya, da dikte, da Ingilishi idan an taɓa ganin ka a Babura.

Tambaya ta uku ita ce ganawar gaba ɗaya, sauran duk rakiya suka yi mata: “Yara nawa ka sani a unguwarku?” Cibiyar kur ba ta da wani jari sai kawunan yara, malamin da ya zo da ƴaƴan yayyensa shida da na maƙwabta ya fi mai digiri biyu da ya zo shi kaɗai. Sai dai a nan akwai siraɗi. Idan ka ce ba ka san kowa ba, ba ka da amfani. Idan ka ce yara talatin na bin ka, darekta zai daina fifita ya dube ka da kyau, domin ya san abin da mai yara talatin ke yi a watan Janairu: yakan nemi nasa zauren da nasa allon. Ya sani ne saboda ta haka shi ma ya buɗe wannan cibiyar. Adadin da masana suka yarda da shi yana tsakanin biyar da takwas, kuma a ce yawancinsu ba su da ƙoƙari sosai, don yaro mai ƙoƙari ba ya daɗewa yana biya.

Daga nan sai gwajin darasi. Za a miƙo maka guntun alli da bai kai gaɓar yatsa ba, a kira yara uku daga waje: ɗaya ɗan aji uku na kolej, ɗaya ƙaramin ɗan darekta, ɗaya kuma mai tallar gyaɗa da ya tsaya kallo. Allon an shafe shi da baƙin batir, yana da wani gefe da ruwa ya kumbura inda alli ba ya kamawa. Ka yi darasin Talas ko na Fitagoras, ka rubuta kwanan wata a sama, ka ja masa layi. Ba darasin ake kallo ba. Ana duban allin da ya rage a hannunka in ka gama. Wanda ya mayar da rabi ya nuna tattali. Wanda ya nemi na biyu, an gode masa da zuwa.

Kada ka razana idan darekta ya ce zai ɗan gwada ka da dikte. Tun jarrabawar da gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare a Yulin 2017, inda kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka kai 10 bisa 20, kowane mai zaure ya samu damar gwada malami. Rubuta abin da ya faɗa, ka miƙa masa. Zai daɗe yana duban takardar, ya sa jan biro a wuri guda da babu kuskure, ya ce, “Ba laifi.” Ka ce, “Na gode da gyara, ranka ya daɗe.”

Maganar kuɗi ba kai za ka tayar ba. In ta taso, za a ce maka nan gida ne, ba a yi wa ɗan gida ciniki. Lissafin dai yana da sauƙi: kowane yaro na biyan jika biyu ko uku a wata, a cire haya, a cire alli, a cire cajin fitila, a cire ƴaƴan dangin darekta da ba sa biya, abin da ya saura a raba. Tambaya ɗaya ce kake da izinin yi, ita ce da sefa za a biya ko da naira. A wannan yanki na bakin iyaka duka biyun na yawo a kasuwa, kuma al'ada ita ce a karɓa daga iyaye da wadda ta fi ƙarfi, a biya malami da ɗayar. Wasu iyayen da tiyar gero ko riɗi suke biya, wannan kai tsaye rabonka ne, sai ka zo da buhu.

In aka ce, “Za mu kira ka,” ba za a kira ka ba, darekta ba ya da katin waya. In aka ce, “Bari in yi shawara da kwamiti,” uwargidansa ake nufi, kuma akwai ƙanenta da ya gama bak bara. Wanda aka ɗauka ba a gaya masa. Darekta ne zai dubi agogo, ya ce yana da ɗaurin aure a Sasumburum, ya roƙe ka ka ɗan riƙe masa yaran kafin ya dawo. Ka tambayi mai gadi inda ake ɓoye makullin zauren, da kuma bencin da ba a zama a tsakiyarsa.