Ɗabaƙoƙin Masu Gyaran Madafi a Dutsen Kura

Tun daga shekarar 1976, sa'ad da aka yanke Jihar Neja aka mai da Minna hedkwatarta, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwarara cikin garin har unguwanni irin su Dutsen Kura, ta Hausa da ta Gwari, suka cika suka batse, babu wani sashe na gida da zamani ya juya kamar madafi, wanda a da bai wuce 'yar rumfa a kusurwar tsakar gida ba, da duwatsun murhu uku da randa da turmi a kife, amma yau ya zama ɗaki mai ƙofa da makulli, ana ce masa kicin, ana kuwa kashe masa abin da a da zai tsayar da ciki da falo. Wanda duk ya daɗe a unguwar nan yana jin ƙarar guduma daga gida zuwa gida, lalle zai lura cewa masu wannan gyara ɗabaƙa-ɗabaƙa ne, kowace da mazhabarta da hujjojinta, kuma abin da ya haɗa jamhurinsu shi ne ba su ne ke tuƙa tuwon ba.

Na farko a daraja, tun da shi ke riƙe da jaka, shi ne Alhaji mai hoto a waya. Wannan bawan Allah, wanda rabonsa da madafi tun yana yaro ana aikensa ɗebo wuta, wanda kuma bai san inda gishiri ke kwana a gidansa ba, ranar da ya ci abinci gidan wani abokinsa a Maitama ya ga kanta ta dutse mai sheƙi da kabad har rufi, sai ya ɗauki hoto, ya kamo hanya ta Suleja da Lambata yana saƙa da warwara, bai iso Chanchaga ba sai da ya gama ginin a zuciyarsa. Kashegari ya kira magini, ya miƙe tsaye, ya sa aka auna tsayin kanta da ƙugunsa, alhali uwargidan da za ta yi aiki a kanta ba ta kai masa kafaɗa ba. Sa'an nan ya sayo murhun lantarki mai kai huɗu, hujjarsa ita ce jihar da ke da madatsar Kainji tun 1968, ga ta Shiroro tun 1990, ga kuma ta Zungeru, ba a yi mata girki da itace ba. Ƙiyasin nan ba shi da aibi ta fuskar mantiƙi, sai dai wutar ba ta yi karatun mantiƙi ba, ta kan ɗauke ne daidai lokacin da aka yi talge. In uwargida ta ce, "Alhaji, da dai an buɗe mini taga ta wajen murhu," sai ya kaɗa kai cikin tausayin wanda ya ga duniya, ya ce, "Ke dai ba ki ga na Abuja ba."

Kada mata su yi dariya da wuri, domin a cikinsu akwai Hajiya mai jere, wadda ta gaji abin daga nesa. Kakanninta sun jera ƙore masu zane, iyayenta suka jera tasoshin Bida, daga baya langa da samira masu furanni suka hau juna har suka taɓa rufin ɗaki. Ita kuwa ba ta bar sunnar ba, wuri kawai ta sauya mata, ta kwashe jeren daga uwar ɗaki ta kai kicin. Ga tangaran layi-layi a bayan gilashi, ga kuloli daga babba zuwa auta, ga tukwane masu murfin gilashi waɗanda har yanzu takardar kanti na manne a gindinsu, ga blanda cikin kwalinta. Tayil ɗin fari ne fat, sama da ƙasa, saboda haka manja ya zama abokin gaba, daddawa kuwa an hana ta shiga sai da izini. Baƙuwa ba ta gama gaisuwa ba za a ce mata, "Taso mana ki sha ruwa mai sanyi," a bi da ita ta ƙofar kicin a kunna fitilu duka. Amma girkin gidan, wanda ake ci a rayu, yana can bayan ɗaki a kan kurfoti, 'yar aiki na fifita gawayi da murfin bokiti. Malamai dai sun ce babu zakka a kan kayan amfanin gida. Da ni mufti ne, da na sake duba mas'alar tukunyar da shekara ta kewayo mata ba ta ga wuta ba, ko har yanzu tana cikin kayan amfani, ko kuwa ta koma taska.

Mai inkarin wannan duka ita ce Inna, mahaifiyar maigida, wadda ke zaune a ɗakinta na kusa da zaure tana kallon ana shigo da buhunan siminti ba ta ce uffan ba, sai da aka gama aka kira ta ta sa albarka, ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi sama da ƙasa, ta ce, "To, a ina za a yi girkin?" Tukunyar gas a wurinta bom ce da aka saya da kuɗi aka kwantar a cikin gida, tuwon da aka tuƙa a kanta kuwa, ko ya nuna bai nuna ba. An sha yi mata dariya, amma ni na ga tana da hujjoji waɗanda ba a amsa su ba har yau. Tuwon gidan mutum goma sha biyar ba a tsaye ake tuƙa shi ba: mace kan zauna a kujera 'yar tsugune, ta tokare gefen tukunya da ƙafa bisa tsumma, ta kama muciya da hannu biyu, ta jawo tuwon daga can ƙarshe ta maka shi a jikin tukunya, ƙarfin na fitowa daga baya da kafaɗu, to, a ɗora wannan tukunya a kan kanta mai tsayin ƙugun Alhaji, bisa ƙarfe huɗu masu santsi, a ga ko tukunyar ce za ta zauna ko tuwon. Haka kuma garin da doyar Paiko da ta Gwada ke sauka a cikinsa mota-mota ba ya rabuwa da sakwara, sakwara ba ta rabuwa da turmi, turmi kuwa ranar da aka fara kafa shi a kan sabon tayil, tun ba a yi luguden kirki ba aka ji ƙas, tsaga ta tafi daga gindinsa har bakin ƙofa, Inna na daga tabarmarta tana jan carbi ba ta ko ɗaga kai ba.

Ta ga zamanin risho, ta ga shekarun 1990 da kananzir ya yi wuya har mata suka koma murhun garin katako da aka laƙaba wa suna abaca, ta kuma ga 2023 da aka janye tallafin mai kome ya hau, surukan da suka yi mata dariya suka zo da sallama suna cewa, "Inna, ko za a ɗan sam mana wuta?" Randarta ta ginin matan Gwari ce, irin sana'ar da ta kai Ladi Kwali bayan takardar naira 20, tana sanyaya ruwa ba ta tambayi ko an kawo wuta ba. Inda kawai ban bi ta ba shi ne batun hayaƙi, domin idanunta da suka yi ja, da tarin da ke tashinta da asuba, waɗanda take kira sanyi, ladan shekarun da ta yi tana hura ɗanyen itace ne a rumfar da kunkunniya ta rine, kuma ba gado ba ne da ya kamata a bar wa jikoki.

Masu aikin su ma ɗabaƙa ne. Akwai maginin da ke karɓar kafin alƙalami ya rushe bango a rana ɗaya da himma mai ban sha'awa, sa'an nan ya ɓace zuwa wani aiki a Bosso ko Tunga, in an same shi a waya ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe in Allah ya yarda," ya jingina saɓa alkawarinsa ga mashi'ar Ubangiji ba tare da kunya ba. Akwai kafintan da ke rantsuwa cewa katakon nan na garin katako da aka matse ya fi maɗaci ƙarko, alhali ya san daminar Minna, wadda kan kama daga Afrilu har Oktoba, za ta kumbura ƙofofin kabad ɗin su ƙi rufuwa, abin da laima ta rage kuwa gara ta ƙarasa. Akwai kuma mai gyaran famfo, wanda zai kafa kan famfo biyu masu walƙiya, na zafi da na sanyi, a gidan da ruwansa ke zuwa cikin jarka a kurar mai ruwa. Shi kuwa maƙwabci mai shawara ba ya bayyana sai siminti ya bushe, ya shigo hannu a baya, ya ƙwanƙwasa tayil da yatsa, ya tambayi kuɗinsa, ya ja dogon tsaki ya ce da an tambaye shi da ya kai mutum wurin wani yaronsa a Kasuwar Kure.

Wanda na fi tausaya wa shi ne ma'aikacin gwamnati mai gyara kashi-kashi, wanda niyyarsa kyakkyawa ce amma albashinsa bai san da ita ba. Ya kan sayi tayil na rabin bango in ya kwashi adashi, ya jira wata shida, ya koma kasuwa da guntun samfur a aljihu a ce masa irin wannan ya ƙare, sai dai mai kama da shi. Ta haka bangon kicin ɗinsa ya zama littafin tarihi, wannan layi na ƙarin girma ne, wancan mai ruwan toka na bashin banki, wurin da siminti ke tsirara kuwa yana jiran kuɗin sallama.

Mai mata biyu kuma mas'alarsa ta fi ƙarfin magini. Ya karanta a fiƙihu cewa adalcin da aka wajabta masa a rabon kwana yake da ciyarwa da tufatarwa da mazauni gwargwadon hali, sai ya ɗauka zai iya yi wa amarya sabon kicin ya bar uwargida da tsohon, tun da nata bai rushe ba. Uwargida ba ta yi musu da littafi ba, igiyar shanya ta kwance, ta shiga da sallama ta yi wa amarya barka, ta auna tsawo da faɗi, ta ƙirga ƙofofin kabad da wuraren sa wuta, ta fito ta miƙa masa igiyar da ƙulli biyu a jiki ta ce, "Malam, ga nawa." Daga ranar ya gane cewa duk tayil ɗin da zai saya farashinsa biyu ne.

Akan sami, jefi-jefi, mutumin da kafin ya kira kowa zai tsaya a bakin madafi da magariba ya tambayi mai girkin abin da ke damunta, sai ya tarar buƙatarta ba ta wuce taga mai fitar da hayaƙi ba, da magudanar da ba ta toshewa, da dakali gajere na tuƙin tuwo, da wani lungu da aka bari da siminti saboda turmi, abin da duka-duka bai kai kuɗin ƙofofin kabad ɗin Alhaji ba. Irin wannan ba a yawan jin labarinsa, domin kicin ɗinsa ba ya kyau a hoto.

Saura ɗan haya, wanda ya san gidan ba nasa ba ne amma zuciya ta rinjaye shi, ya yi fenti, ya shimfiɗa leda mai zanen tayil, ya kafa kanta da kuɗin aljihunsa, har ya gayyaci mai gidan ya zo ya gani, yana tsammanin godiya ko ragi. Mai gida ya shigo ya zagaya, ya shafa bango, ya buɗe kabad ya rufe, ya yi ta masha Allah, sa'an nan a bakin zaure, yana sa takalmi, ya ce, "Malam, ai gida mai irin wannan kicin a Dutsen Kura ba a ba da shi a tsohon kuɗi, in shekara ta cika sai mu zauna."