Ciwon Watan Yuni

Wani rauninsa shayi, wani gardamar siyasa, wani kuma ba ya iya wuce kayan gwanjo bai taya ba. Nawa ya fi waɗannan ban kunya. Magidanci ne ni, furfura ta fara leƙowa a gemu, amma da zarar kamfanonin wasannin bidiyo sun fara shelar abin da za su fitar, sai hankalina ya bar jikina. Tallan wasan da bai fito ba, wanda wataƙila ko haɗa shi ba a fara ba, shi ke hana ni barci.

Shekara da shekaru matattarar wannan ciwo ita ce baje-kolin E3, wanda aka fara a birnin Los Angeles na Amurka a 1995, daga baya ya samu gindin zama a watan Yuni. A can Sony da Microsoft da Nintendo da sauransu suke fitowa ɗaya bayan ɗaya suna zuba wa duniya alkawari. A wannan lokaci na shekara awa takwas ne tsakanin can da Najeriya, Sony kuwa ta saba fara nata taron da ƙarfe shida na yammacinsu, wato biyun dare a nan. To mutumin da sai an yi ta jijjiga shi kafin ya tashi sahur, shi ne zai farka da kansa ba ƙararrawa, ya lallaɓa falo da waya a hannu, ya ƙone datar da ya yi wa kasafin mako, yana kallon wani manajan kamfani yana karanto abin da aka rubuta masa.

Da a ce rashin sani ne da da sauƙi. Na san tarihin abin sarai, har nakan ba wasu labari. A 2005 Sony ta nuna Killzone 2 kamar haka zai kasance a PlayStation 3, daga baya ta bayyana cewa hoton bidiyo ne aka tsara don nuna abin da ake burin cimma, wasan kuma bai fito ba sai 2009. A 2012 Ubisoft ta nuna Watch Dogs, ruwan sama na sauka a titin Chicago, fitilu na ƙyalli a kan kwalta, jama'a suka rikice. Da ya fito a 2014 aka yi ta ƙorafin cewa kyan ya ragu. Scalebound da Microsoft ta sanar a 2014, mai dodo mai fuka-fuki, soke shi aka yi a farkon 2017, ba wanda ya taɓa saye. Duk wannan yana kaina. Kallon kitse nake yi wa rogo, kuma ni da bakina nake faɗa wa mutane rogo ne.

Daren da ya fi tona mini asiri shi ne na Sony a 2015. A zama ɗaya suka dawo da The Last Guardian, wanda aka fara nunawa tun 2009 aka shiru har ana zaton ya mutu. Suka ce za a sake gina Final Fantasy VII daga tushe. Sannan mai tsara wasanni Yu Suzuki ya fito ya ce zai yi Shenmue III idan jama'a suka haɗa masa kuɗi ta shafin tara gudummawa na Kickstarter. Masoya Shenmue sun jira tun 2001. Dala miliyan 2 ya nema, kafin kwana ya zagayo an cika, a ƙarshe aka tara fiye da miliyan 6. Ƙarti majiya ƙarfi suka riƙa ihu suna kuka a gaban kyamara, ana yaɗa bidiyonsu. Ni ma na miƙe tsaye a tsakiyar falo, na toshe baki kada in tashi yara, ƙwalla ta cika mini ido. Ban taɓa buga Final Fantasy VII na 1997 ba. Shenmue kuwa a Dreamcast ya fito, na'urar da ko a hoto sai daga baya na gan ta. Kukan maƙwabta na ara, kuma na yi shi da zuciya ɗaya.

Daga nan kamfanonin suka gane cewa ire-irena ba sai an nuna musu komai ba. A 2017 Nintendo ta nuna Metroid Prime 4: suna ne kawai da lamba huɗu a kan baƙin allo. A Janairun 2019 ta fito ta ce an watsar da aikin, an fara sabo. A 2018 Bethesda ta nuna The Elder Scrolls VI, bidiyon da bai kai minti guda ba, duwatsu da bakin teku da suna, shi ke nan. Na tsayar da shi, na ƙara girman hoton, na shiga musu da mutanen da ban sani ba kan wane yanki ne wannan na wata duniya da ba ta wanzu. Ƙasar gadonmu a ƙauye ban taɓa bin iyakarta da irin wannan natsuwa ba.

Akwai masu hankali a harkar, waɗanda ke cewa sai sun ga ana buga wasan da hannu kafin su yarda, kuma kada a biya kuɗi tun kaya bai iso ba. Su ne karen da aka ce ana biki a gidansu ya ce ya gani a ƙasa. Da rana ina cikinsu, har nakan kafa hujja da Cyberpunk 2077: jarumin fim Keanu Reeves ya hau dandamalin Microsoft a 2019 zaure ya ɗauki sowa, aka sa ranar Afrilun 2020, aka yi ta ɗagawa har Disamba, ya fito da matsalolin da suka sa Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu. Ina faɗin haka da murya irin ta dattijo. Da dare kuma a kashe fitilar zaure, ganga ta fara, allo ya yi duhu, sai dattijon ya ɓace.

Abin da ya fi ban dariya shi ne ranar da wasan ya fito da gaske. A ranar sha'awata ke mutuwa. Nakan ɗora laifin a kan canji, domin sabon wasa yakan kai dala 70, kuma kowa ya san abin da dala 70 ke nufi a aljihun mai albashin naira. Amma wani aboki ya taɓa ara mini ɗaya daga cikin waɗanda na yi shekaru ina yi wa kirari, ya zauna a kan firji har ya aiko a karɓo masa. Tsohuwar na'urata tana ƙarƙashin talabijin ta sha ƙura, ba a kunna ta sai ƙanena ya zo mun buga ƙwallo ya lallasa ni. Shi ne ya taɓa tambayata, ba da raini ba: "Yaya, don Allah wane gem ka taɓa kaiwa ƙarshensa?" Na ce masa ya kula da mai tsaron gidansa.

Da aka sanar a Disamban 2023 cewa E3 ta rufe har abada, uwargida ta yi mini barka, ni ma na ɗauka Allah ya kawo sauƙi. Ashe ciwon rarrabuwa ya yi. Ga Summer Game Fest a Yuni, ga Gamescom a birnin Kolon na Jamus a Agusta, ga baje-kolin Tokyo, ga The Game Awards a Disamba, Nintendo da Sony kuma kowa na sakin nasa shirin duk sa'ad da ya ga dama, wani lokaci da sanarwar kwana ɗaya tak. Da can wata guda nake shiga wannan hali a shekara, iyali su yi haƙuri ya wuce. Yanzu na sayi na'urar ajiyar caji ta musamman don kada ɗaukewar wuta ta katse ni, na kuma ce wa mutanen gida don aikin ofis ce.