Miskili Ya Ce "Uhm": Hira da Mutanen Littattafan Soyayya

Marubutan labaran soyayya masu ban dariya na Ingila da Amurka suna da wata dabarar talla. Idan sabon littafi ya kusa shiga kasuwa, marubuciya ba ta zama ta yi ta yabon kanta. Sai ta jawo taurarin labarin ɗaya bayan ɗaya, ta zaunar da su, ta jera musu tambayoyi: wace irin mace kake so, me ya faru ranar da kuka fara haɗuwa, wane laifi ne in saurayi ya yi an rabu ke nan. Ita ke tambaya, ita ke amsawa da bakinsu. Mai karatu ya yi dariya, ya ji yana son ƙari, ya sa hannu a aljihu.

Sai dai dabarar tana tona asiri. Tauraron da aka gina da kyan fuska da tarin dukiya kawai, da zarar an ce ya buɗe baki ya yi magana da kansa, za a gane ko akwai mutum a cikin rigar. Shi ya sa na ga ya dace a gwada ta a kan namu mutanen. Muna da su jingim, tun daga *So Aljannar Duniya* na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, zuwa guguwar da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, har zuwa na yau da ake karantawa a waya cikin bargo. Sunaye suna sauyawa, amma mutanen dai su ne.

Wanda ya fi kowa kasuwa yanzu shi ne Miskili, don haka da shi za a fara, in ya ga dama ya zauna. Shekarunsa 32. Yana da kamfani a Dubai, da wani a Landan, da asibiti nasa na kansa, wani lokacin kuma soja ne a kan duk wannan. Ba a taɓa ganin sa yana aiki ba: ya shiga ofis, ma'aikata su hau rawar jiki, ya sa hannu a takarda ɗaya, ya fito. Ƙamshin turarensa kan riga shi isowa da shafi guda.

"Yallaɓai, mene ne so a wurinka?"

Ya lumshe ido. Ya buɗe. Ya duba agogon hannunsa, wanda marubuciya ta riga ta faɗa mana kuɗinsa tun a babi na farko.

"Uhm."

"To wace irin mace ce ke burge ka?"

Tsaki.

Hirar ke nan gaba ɗayanta. Yadda yake neman aure kuwa sananne ne. Yarinyar 'yar ƙanin babansa ce, ko marainiyar da aka ajiye a gidansu, iyaye suka ɗaura ba da son ransa ba. Zai daka mata tsawa, ya ce kada ta sake ta taka ɓangarensa, ya kori direban da ya gaishe ta sau biyu. Can tsakiyar littafi zazzaɓi ya kama ta, ya ɗauke ta cak zuwa asibitin nan nasa, ya yi wa likitoci barazanar kora. Daga nan mai karatu ya gane ashe so ne. Turawa ma suna da irinsa, wato Mista Darcy na littafin Jane Austen na 1813, amma shi Darcy ya daure ya rubuta wa yarinya doguwar wasiƙa ya yi bayanin kansa. Namu ko saƙon waya ba ya amsawa. A lura kuma, talaka ba ya miskilanci. In ɗan acaɓa ya gwada rabin wannan hali, sunansa mai baƙin rai, kuma kafin wata ya zagayo an kira taron dangi a kansa.

Sai Marainiya. Ta shigo da sallama ciki-ciki, ta ƙi hawa kujera, ta durƙusa a ƙasa.

"Ƙanwata, ya sunanki?"

Ta sunkuyar da kai, ta fara wasa da yatsun hannunta.

"Me kike so a wurin namiji?"

Hawaye suka fara bin kuncinta.

Shekara goma tana tallan gyaɗa a rana, kishiyar uwa tana hana ta abinci, amma fara ce sol, hanci har baka, idanu dara-dara, gashi har gadon baya. In ka nemi dalili sai a ce ai kakarta Bafulatana ce, ko Shuwa, ko Balarabiya. Yarinya baƙa, gajeriya, mai ɗan taƙaitaccen hanci, wadda ita ce ta cika unguwanninmu kuma ake rububin aurenta kullum, da wuya a ba ta wannan kujera. Aikinta a littafi riƙe wa tauraruwa jaka. Kusa da ƙarshe kuma sai ta tabbata Marainiya 'yar wani hamshaƙi ce da aka sace tana jaririya. Abin da ke ba ni takaici shi ne a da mun fi haka. Abu ta cikin *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, guduwa ta yi daga auren dole ta nemi ilimi a birni. Rabi ta *Alhaki Kuykuyo Ne*, da Alhaji Abdu ya kore ta, sayar da abinci ta kama ta riƙe 'ya'yanta. Waɗannan in ka tambaye su so, sai sun gyara zama, kuma amsar za ta zo da lissafin kuɗin cefane a ciki.

Akwai wani bawan Allah da ke leƙowa daga baya, riƙe da keke, ya sha farin yadi da guga. Saurayin Wasiƙa ne, ɗan zamanin *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, lokacin da ƙa'idar labari ita ce 'yar mai kuɗi ta mato a kan talaka. Shi ba a wahalar sa shi magana. Tambaya ɗaya ka yi masa ya ɓalle kamar famfon da kansa ya lalace.

"Malam, yaushe ka fara son ta?"

"Ai ranka ya daɗe, tun kafin in gan ta zuciyata ta san da zuwanta. Ranar da na hango ta a bakin rijiya, abinci ya fita raina, barci ya yi mini ƙaura, na kwana ina tsara wasiƙa mai shafi takwas, na fesa mata turare, na ba ƙanenta sule biyar ya kai..."

"To sana'a fa?"

Nan ne kawai yake yin shiru. Ya sha finafinan Indiya har sun yi masa yawa, amma ina jin tausayinsa, domin shi dai ya iya baki, kuma yakan tsaya a ƙofar gida cikin sauro ya aiki yaro ya ce wai ana sallama da wance. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001 kasuwarsa ta fara ja baya. Marubuta suka ƙwace keken, suka ba Miskili jerin gwanon motoci.

Abokin hamayyar Saurayin Wasiƙa na har abada, wato Alhaji mai kuɗi, bai jira a kira shi ba, ya riga ya zauna ya baza babbar riga.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Ya kake kallon soyayya?"

"Nawa ne?"

"A'a Alhaji, so nake nufi."

"Na ji ka, yaro. Na kai wa ubanta buhun shinkafa, na biya wa uwarta kujerar Makka, akwatunan lefe suna nan an jera. In wannan ba so ba ne, kai me ka kai?"

"An ce yarinyar ba ta son ka."

"Za ta saba. Sauran ukun ma haka suka ce."

Mugu ne a kowane littafi, kuma ya cancanci abin da ke samun sa a ƙarshe, ko karayar arziki ko gobarar kanti. Duk da haka a cikin mazan nan uku shi kaɗai ne ya amsa abin da aka tambaye shi.

Hajiya Momi, uwar Miskili, da uwargidan da za a yi wa kishiya sun ba da haƙuri ba za su samu zuwa ba, suna da alƙawari da wani boka a bayan gari. Aminiyar amarya ta zo, amma ita ba a yi mata tambaya, ita ke ba da shawara: yadda ake tafiya, yadda ake kashe murya, turaren wuta na Maiduguri, haɗin da ake sha da madara. Shekara da shekaru tana gyara auren mutane, ita kuwa ko tsayayye ba ta da shi. Abokin ango likita ne kusan kullum, kuma a duk littafin aikinsa ɗaya: ya dafa kafaɗar Miskili ya ce, "Abokina, wallahi son yarinyar nan kake yi." Da an sa shi ya faɗi haka tun a shafi na goma, da an huta da kashi na biyu da na uku.

Wani malami mai ɗaure fuska ya kutso ba gayyata, ya ce shi ya zo ne ya faɗa mana littattafan nan suna lalata tarbiyya. Ra'ayi ne mai magoya baya. A 2007 ma hukumar A Daidaita Sahu, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙona irin waɗannan littattafai a Kano. Na ce to Malam, ba mu misali. Sai ga shi yana zayyano labari tiryan-tiryan, da sunan tauraruwa, da na kishiyarta, da abin da ya faru a kashi na uku. Ya ce wai ƙwacewa ya yi daga hannun ƙanwarsa.

Duk wannan share fage ne. Wadda ta sa hirar ta yi armashi ita ce Kaka. Ta shigo tana dogara sanda tana mita tun daga zaure, goro a kunci, ta ƙare wa kowa kallo.

"Sannu da zuwa, Iya. Muna tambaya ne a kan so."

"So? Kai ɗan nan, ka rasa abin tambaya. Ni da aka kai ni ɗakin Malam ban taɓa ganin fuskarsa da rana ba. Sai da na kwana uku na gane ashe wanda nake yi wa murguɗe a dandali ne. Shekara arba'in muka yi, bai taɓa ce mini yana sona ba, amma bai taɓa dawowa daga kasuwa ba ƙunshin tsire ba. Ku yanzu sai zaƙin baki da hoto a waya."

"Me za ki ce game da jikanki?"

"Wannan miskilin banzan? Mijina ne ai, ni na fara aurensa tun yana tsumma. Ni zai ɗaure wa fuska, ni da na wanke masa kashi? Kullum yana yawo da baki a cune sai ka ce an aiko masa da mutuwa. Yunwa ce ke damun sa, ba ya cin tuwo, sai wannan ganyen na Turawa."

"Amaryar fa?"

"Kishiyata? Ba laifi, sai dai kuka. Na ce mata ke 'yar nan, in ya yi miki tsawa ki yi masa wadda ta fi ta, ba a mutuwa. Kuma ta daina zuba masa sukari a shayi har sai ya koyi gaisuwa."

Miskili, wanda bai ce wa kowa uffan ba, ya buɗe baki ya ce, "Hajiya, don Allah ki bari." Ta ce, "An ƙi a bari ɗin. Sake ni in ka isa."

Ba haɗari ba ne da Kaka ta fi kowa rai. Ita kaɗai ce marubuciya ba ta aro daga fim ɗin Indiya ko na Koriya ba. A tsakar gidansu ta same ta. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda take kiran namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, ya ba ta lasisin faɗin abin da uwa ba za ta iya faɗa wa ɗan fari ba saboda kunya. Don haka duk gaskiyar da ke cikin littafi a bakinta ake zuba ta, duk dariyar ma haka. Masu sauraron littattafan da ake karantawa a gidajen rediyo da YouTube sun sani: da an ce ga Kaka ta shigo, mai wanke-wanke ma sai ta tsaya. Amma sai a ba ta shafi uku a mayar da ita ɗaki, a koma ga mai lumshe ido.

Ta ƙarshe a layi ita ce Marubuciya da kanta. Na tambaye ta me ya sa kullum Miskili, kullum Marainiya. Ta ce ta taɓa gwada malamin firamare mai fara'a da budurwa mai sayar da awara, masu karatu suka watse, suka ce ba su zo duniya su karanta talauci ba, suna da shi a gida. Na ce to a ƙarshe Miskilin zai furta yana son Marainiya? Ta yi murmushi ta ce shafukan kyauta sun ƙare daga nan, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta wannan asusu ya turo shaidar biya.

Ban ga laifinta ba, sana'a ce, kuma ta fi ni sanin kasuwarta. Roƙona dai gare ta da 'yan uwanta marubuta shi ne, hannun da ya iya rubuta Kaka ya iya rubuta littafin soyayya mai ban dariya tun daga bango har bango, wanda saurayi da budurwa ma za su riƙa magana irin ta mutane. A cikinku wata ta daure ta ba Kaka da Alhaji da Aminiyar amarya littafi guda nasu na kansu. Za mu tura kuɗin, har da shaidar biya.