Zinaren da Ban Je Nema Ba

Laifin wayar hannu ne. Tun da na fara kallon Turawan nan masu saɓa jaka su nausa cikin duwatsun Amurka, su kwana su kaɗai suna dafa shayi, zuciyata ta ƙi zama lafiya. Lokacin ina koyarwa a Yelwan Yawuri, daji kuma bai lalace ba tukuna, abin tsoro a tsauni bai wuce kura da aljanu ba. Da albashi ya shigo sai na sayi jakar goyo ta gwanjo da wani ɗan tanti ruwan lemo, na ja ɗan yayata da ya zo gaishe mu, muka hau mota muka yi kudu, ƙasar Ngaski. Ƙarshen Nuwamba ne, ana ta yankan dawa, hunturu ya fara leƙowa. Tsakanin Bin Yawuri da Wara na hango tsaunin da ya yi mini, na ce direba ya sauke mu.

Ba a shiga dajin mutane ba sallama, saboda haka muka fara da mai unguwa. Ya dubi jakar, ya dube ni.

"Malam, mi kaka biɗa bisa dutsi?"

"Ranka ya daɗe, kwana kawai zan yi."

"An kore ka daga gida?"

"A'a."

"Bashi ne? Ko halwa za ka shiga?"

Na ce shan iska ne. Daidai lokacin iska ta kwaso ƙura ta watsa mana a ido, kyauta, muna zaune a ƙasa. Mai unguwa ya goge fuska da bakin rawani bai ce komai ba.

Ban ga laifinsa ba. Ƙasar nan ta saba da baƙi masu kaya, amma kowa da dalilinsa. Mungo Park ya biyo Kwara yana neman inda ta ƙare, ya halaka a Busa a 1806. Richard Lander da ƙaninsa John sun zo wurin Sarkin Yawuri a 1830 suna cigiyar takardun da Park ya bari. Sarkawa kifi ya kawo su, fatake albasa. Tun zamanin Turawa kuma ake haƙar zinare a wannan yanki. To mutum mai albashi, mai katifa, ya ce ya zo ya kwanta kan dutse don nishaɗi? Mai unguwa ya yi lissafinsa a zuci, ya haɗa mu da wani tsohon maharbi, wai don kada mu ɓata.

Ni na ɗauko risho, Indomie, gwangwanayen kifi (zuwa bakin tafkin Kainji, ka ji fa), jarkar ruwa da littafin da na yi niyyar karantawa a hasken wata. Tsoho kuwa adda ce a hannunsa, sai gora da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ba mu yi nisa ba ƙarangiya ta gama da safata, igiyar jakar guda ta tsinke, na koma tafiya a karkace. Na tsaya na cire takalmi na zazzage wata tsakuwa da ta dame ni. Tsoho ya sunkuya ya ɗauke ta, ya juya ta a rana, ya jefa a aljihu. Da na ciro waya ina ɗaga ta sama ina neman sabis, sai ya matso ya rage murya.

"Injin ya yi magana?"

"Baba, waya ce."

"Na gane," in ji shi, ya kashe mini ido.

A saman tsaunin dai na ci ribar kuɗin motata. Tafkin ya shimfiɗe yamma da mu, rana ta yi ja cikin hazo, kwalekwalen masunta na fita. Ruwan nan bai kai kakan kowa shekaru ba: a 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya yi baya sama da kilomita 130 har ya taɓo Yelwa. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashinsa, mutum sama da 40,000 aka tayar, da yawansu Gungawa da aka kwaso daga tsibirai zuwa tudu. Tsoho ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa da bakin adda, ya ce nan kasuwa take da. Ya ce farin ruwa na damina ya wuce, yanzu baƙin ruwa ake jira, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana jan ƙafa a fadamun Mali, ya iso nan cikin sanyi alhali ko ɗigo ba a yi. Ni malamin makaranta sai gyaɗa kai nake.

Da na kwance tanti na tarar mai gwanjo ya sayar mini da riga ba ƙashi: babu sanduna. Tsoho ya saro rassa muka tokare shi. Turakun kuwa sai da na yi ta dukansu da dutse a kan fa, ƙarar tana gangarawa har cikin gari. Risho ya ƙi tsayawa da iska, muka ci Indomie ɗanya muna gurgura kamar awaki sun samu dusa.

Sanyin tsauni daban ne, balle wanda ya biyo ta kan ruwa. Na sa riguna duka, na sa safar ƙarangiyar nan a hannu. Can tsakar dare ɗan yayata ya yi magana cikin rawar haƙora.

"Kawu, Turawan nan naka, ana nuna su da ƙarfe ukun dare?"

Kafin in ba shi amsa wani gurnani ya taso daga ƙasa, mai zurfi, har cikin cikina. Na tuna gandun dajin Kainji na can ƙetaren ruwa, na tuna an ce da zaki a cikinsa, ban tsaya tambayar ko zaki na shiga jirgin fito ba, na fara karanto duk addu'ar da na sani. Tsoho na kwance a waje gefen wutarsa, ko juyawa bai yi ba.

"Dorina ce, Malam. Ba ta hawan dutse. Tana da hankali."

Sai iska ta ɗaga tantin ɗungurungum ta tafi da shi, ta bar mu kwance muna kallon taurari. A nan na ga fitilu. Tocila bakwai ko takwas a bayan wani dutse, ba sa matsowa, ba sa tafiya. Na riƙe numfashi har asuba.

Da gari ya waye na ga ko su waye: samarin gari ne, da diga da shebur da kwanonin wanke ƙasa, sun kwana suna jiran in fara. Suka gaishe ni da ladabi, "Injiniya, an tashi lafiya?" Na rantse musu cewa ni malamin Hausa ne. Suka ce haka ne, Allah ya ƙara sani. Ban gama ɗaure jaka ba suka raba ramukan turakun nan huɗu a tsakaninsu suka hau haƙa.

A ƙasa mai unguwa ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in Allah ya sa an dace kada a manta da masu ƙasa. Tantin kuwa a gonar dawa aka tsince shi, mai gonar ya ce ya riga ya shanya barkono a kai.

Labari ya riga ni isa Yelwa. A bakin kasuwa wani ya ja ni gefe ya kwance leda, wai in duba masa wani dutse. Mai shagon da nake cin bashi ya daina yi mini uzuri. Da samarin suka haƙa har tsayin mutum ba su samu komai ba, sai aka tabbatar cewa na kwashe shi tun cikin dare, shi ya sa jakar ta karkata ni. Uwargida ta saurari bayanina daga farko har ƙarshe, har da dorinar, sannan ta ce ita ba ta da haɗama, ɗan kunne da sarƙa sun ishe ta.