Allah Ya Ja Zamanin Katin Inshora

Mutanen unguwar Tishigu a Tamale ba su iya godiya ba. Ka zauna a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, ba abin da za ka ji sai mita, wai an nemi ƙwararren likitan cututtukan cikin jiki wanda zai duba mutum da katin inshora an rasa. Wannan butulci ne, kuma ya kamata a samu mai tsaya wa katin nan, tunda shi ba shi da baki.

Sun manta yadda ake kafin 2003, shekarar da aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasar Gana a zamanin Shugaba Kufuor. A lokacin kash-an-kari ake yi, ba mai taɓa ka sai ka dire kuɗi. Sau ɗaya tak kake biya, dubi ƙasƙanci. Yanzu kuwa an san darajarka. Kana biyan harajin lafiya na kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan da ka saya. In kai ma'aikaci ne, ana gutsurar wani 2.5 daga abin da ake tara maka a asusun fansho na SSNIT. In ɗan kasuwar Aboabo ne kai, kana sabunta kati duk shekara, kuma tun ƙarshen 2018 ba sai ka motsa ba, ka danna *929# kuɗin su fita daga wayarka salin-alin. Sannan in ka isa asibiti ka cika da ɗan kuɗin nan da hukumar inshora ta sha cewa haramun ne, wanda rasidinsa yakan yi wuyar gani. A wace ƙasa ce talaka ke samun damar taimakon gwamnatinsa har hawa uku?

Sai hanyar zuwa wurin ƙwararren. Tsarin ya hana garaje: ba a faɗa wa babban likita kai tsaye, sai ƙaramin asibiti ya rubuto takarda. Ɗauki wata dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga, ƙafafu sun kumbura har silifa ta daina shiga. Jikarta ta sa ta a keken yalo-yalo ana idar da sallar asuba. Sun iso sun tarar da waɗanda suka fi su tsoron Allah sun cika bencin farko. Layin tantance kati daban, kuma can ne ake koyon tauhidi, don in netwok ya ɗauke ba mai dawo da shi sai Mai Sama. Layin ɗaukar folda daban, na awon jini daban. Wajen azahar ta shiga wurin mataimakin likita, bawan Allah da ya ga mutane tun safe har fuskokinsu sun zame masa ɗaya. Ya latsa ƙafar da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba, ya jawo takarda.

"Inna, wannan ya fi ƙarfin nan. Sai wurin manya."

"To ɗana, yaushe zan gan su?"

"Ki kai takardar, za su ba ki rana."

Aka ba ta rana, sai wani watan ya kama. Masu gajen tunani suna kiran wannan jinkiri. Ba su lura da hikimar ba. Cuta ɗanya wahalar ganewa gare ta, sai an yi ta gwaje-gwaje ana ɓarnar kuɗin gwamnati. In aka bar ta ta nuna da kanta, ko ɗalibin likitanci na jami'ar UDS ɗan shekarar farko zai hango ta daga bakin ƙofa.

Kada kuma a ce likitocin babu su. Akwai su, an dai adana su ne inda ba ƙurar hunturu, a asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye, wasu ma an kai ajiya Ingila da Amurka. Kowace shekara a tura sababbin likitoci arewa, da yawansu su duba taswira su ga Tamale na da nisan kilomita wajen 600 daga Ankara babban birnin ƙasar, su gode. 'Yan kaɗan da suka zauna a Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe tun 1974 zamanin Acheampong, su ne madogarar yankuna biyar na arewa. Na Bawku ya zo, na Wa ya zo, na Nalerigu da Damongo da Yendi duk su hallara. Ban san wata hukuma da ta raya zumunci kamar haka ba. Mutumin Tishigu ma ɗan gata ne, ba ya kwanan mota.

Wurin magani kuwa, nan katin ya fi nuna ladabi. Hukuma ce ke yanke farashin da za ta biya asibiti kan kowace ƙwaya, kasuwa kuma ta yanke nata, su biyun ba sa ga maciji. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ga kuɗin da asibitoci ke bin hukuma sukan yi watanni kafin su fito, har asibitocin mishan da masu zaman kansu sun sha barazanar daina karɓar kati. Saboda haka mai ba da magani zai leƙo ta taga, ya miƙo farasitamol a ɗan farin ƙunshi, ya ja layi ƙarƙashin sauran ya ce, "Baba, waɗannan sun ƙare, sai a waje." Wajen ba nisa, tsallaken titi ne, kemis ne reras. Iyalai nawa ke cin tuwo albarkacin wannan layin da ake ja? Gwamnati ta samar da aikin yi ba ta ko yi talla ba.

An ce katin ya rufe kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da ke damun 'yan Gana. Gaskiya ne, sai dai wanda ya zaɓi biyar ɗin da aka bari gwani ne. Hoton zuciya na eko yana cikin abin da aka ware, wankin ƙoda ma ya shekara ashirin a waje kafin a shigo da shi a ƙarshen 2024. Wato daidai abubuwan da ke kai mutum gaban likitan cikin jiki. A 2025 kuma aka yi wa inshorar ƙane, asusun MahamaCares, don ya ɗauki abin da yayan ya ajiye.

Kuɗin harajin ma ba a bar su sun sangarta ba. A 2017 aka yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusai iyaka, rarar ta wuce wasu hidimomin gwamnati, sai a kasafin 2025 aka ɗage wa na lafiya. Shekara takwas mai ciwon suga yana tallafa wa baitulmali bai sani ba, ladansa cikakke, ba riya a ciki.

A Afrilun 2025 Ministan Lafiya Kwabena Mintah Akandoh ya dira asibitin koyarwar bayan rasuwar wani majiyyaci, aka yi sa-in-sa, aka sauke shugaban asibitin, likitoci suka jingine aiki na 'yan kwanaki. Cikin abubuwan da suka nema har da ruwa, wutar da ba ta ɗaukewa, iskar oksijin da safar hannu. Ka ji son jiki. Mutum ya kwashe shekaru goma sha wani abu yana karatu, sannan ya ce sai da ruwan famfo zai yi aiki.

Wanda duk ya kasa haƙuri, an bar masa ƙofa. Da yamma akwai asibitocin kuɗi a cikin gari, inda za ka ga ƙwararre yau-yau, wani lokacin ma shi ne wanda aka ce ka jira sai wani watan. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Can ba a tambayar kati, sidi ake tambaya ko kuɗin waya na momo. An ajiye kash-an-kari ne a wurin don yaran da aka haifa bayan 2003 su ga tarihi da idonsu.

Roƙona ɗaya ga hukuma, kada ta biye wa 'yan mita ta taɓa tsarin nan. In akwai rarar kuɗi bana, a ƙaro benci, mai majingina, don masu kumburin ƙafa sun fara yawa kuma tsayuwa na ba su wuya.